Kai baƙi tafiyar ƙasa a duwatsun Damagaram da saukar da su a gidajen ƙauye: zai yiwu?

Tambaya: Wani matashi, magatakardan ƙungiyar samari a wani ƙauye na yankin Gure, ya rubuto yana cewa: "Malam, muna jin labarin ƙasashen da ake kai baƙi tafiyar ƙasa cikin duwatsu, su riƙa kwana a gidajen mutanen ƙauye suna biya, amfanin kuma ya zauna a garin. Mu ma Allah ya hore mana duwatsu da kwazazzabai, ga samari zaune ba aikin rani. Shin wannan zai yiwu a wurinmu? Daga ina za mu fara, kuma dole ne sai mun gina masauki irin na birni?"

Amsa: Ɗan'uwa, zai yiwu, kuma ba sai kun aza tubali ko ɗaya ba a shekarar farko. Sai dai ina so ka kawar da hankalinka daga gini da hotuna, ka mayar da shi kan abubuwan da suke tayar da irin wannan sana'a ko su kayar da ita, wato wane ne baƙon da zai zo, ta hannun wa kuɗinsa za su bi, kuma ruwan da zai sha daga rijiyar wa za a ɗebo shi. Garin da ya daidaita a kan waɗannan tun kafin baƙon farko ya sauka zai iya riƙe abin shekara da shekaru, wanda kuwa ya bar su sai baƙi sun fara zuwa, to rigimar da za ta tashi tsakanin gidaje za ta fi kuɗin da aka samu yawa.

Mu fara da faɗin gaskiya a kan abin da muke da shi. Duwatsun jihar Damagaram ba masu tsawo ba ne. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar tana kan Bagzan ne, a ƙasar Ayar, mita 2,022, ga Tubkal na Maroko mai mita 4,167, ga Kilimanjaro mai mita 5,895, alhali a Kutus da Muniyo har zuwa Tarmit babu dutsen da ya kai mita 1,000. Saboda haka wanda burinsa ya hau ƙololuwa ya ɗauki hoto ya koma ba zai nufo mu ba, kuma bai kamata ku yi masa talla ba. Abin da kuke da shi shi ne tafiyar kanta, daga gari zuwa gari, ta tsakanin duwatsu da fadamu da rijiyoyin makiyaya, da kwana a wurin mutanen da suka san kowane lungu da sunansa da labarinsa. Ƙasar Dogon ta Mali da haka ta yi suna: gangaren Bandiyagara, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1989, bai wuce ƴan ɗaruruwan mita a tsaye ba, amma mutane sun yi ta zuwa daga nesa domin su bi ƙauyukan da ke gindinsa, su kwana a kan soraye, su ci abin da masu gida suka dafa. A nan ma akwai abin haɗawa. Akwai tsaunin Kutus da garin Kelle, akwai duwatsun Muniyo kewayen Gure, akwai tafkin Gidimuni da dabinansa, akwai garake da kasuwar Miriya, akwai gonakin Magariya da Matamai da manoma suka cika da gawo ta hanyar barin tsiro ya tashi, abin da masana daga ƙasashe da yawa suke zuwa gani. Sannan ga birnin kansa, da fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni da ke zaune tsakanin manyan duwatsu, wadda Nijar ta gabatar wa UNESCO a jerin wuraren da take neman a amince da su tun 2006. Tarmit kuwa, ko da yake an mayar da shi gandun kiyaye namun daji a 2012, ku ajiye shi gefe tukuna, domin nisansa da sha'anin tsaronsa sun fi ƙarfin ƙungiyar ƙauye.

Yanzu batun baƙo, kuma a nan ne na fi saɓa wa masu ba da shawara da yawa. Idan aka ce yawon buɗe ido, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Bature da jakarsa a baya. Agadas ta rayu da wannan baƙo na tsawon lokaci, har jirage suna tasowa daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi, amma tawayen farkon shekarun 1990 ya tsayar da shi, ya farfaɗo, tawayen 2007 ya sake tsayar da shi, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. A Kure, inda ƴan jagora suka daɗe suna cin abinci da raƙuman dawa, harin watan Agusta na 2020 da ya kashe mutum takwas ya rufe kasuwar a yini ɗaya. Ƙasar Dogon da na yaba ɗazu ta zama kufai ta fuskar baƙi tun rikicin 2012, masu masaukai da ƴan jagora suka watse neman wani abin yi. Duk waɗannan wurare sun fi mu suna da kayan aiki, amma sun rataya tukunyarsu a kan mutumin da sanarwa ɗaya daga ofishin jakadancinsa take hana shi tasowa. Don haka baƙonku na farko ɗan ƙasa ne da maƙwabci: ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da malamansu, ƴan makarantun sakandare, ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi da ke zaune a Damagaram ba su taɓa taka ƙauye da ƙafa ba, ƴaƴan yankin da suka girma a Yamai suna son ƴaƴansu su ga asalinsu, da kuma mutanen Kano da Katsina da Daura da Jigawa. Tsakanin Kano da Damagaram kimanin kilomita 240 ne kawai, harshe ɗaya, addini ɗaya, kuma a Kano akwai samari da yawa da suka fara sha'awar fita daji da hawan dutse a ƙarshen mako. Ko su ma kada ku dogara da su kaɗai, domin kun ga yadda iyaka ta zauna a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Idan wata rana Bature ya zo da takardunsa, maraba da shi, amma ya tarar da abin yana tafiya ba da shi ba.

Wannan zaɓi yana sauƙaƙa muku abubuwa da yawa. Baƙon da ya san tuwon hatsi da miyar kuka da fura ba ya bukatar a koyi wani sabon girki dominsa, yana tsayawa salla tare da ku, ya san ba a kutsa kai cikin gida sai da sallama. Amma kuma aljihunsa ba mai zurfi ba ne, lokacinsa kuma kwana biyu ne ko uku, saboda haka hanyar da za ku shirya ta zama gajera, farashin kuma ya zama wanda malamin makaranta zai iya biya ba tare da ya ci bashi ba.

Ba ku ne na farko da za ku gwada ba, kuma yana da kyau ku san yadda waɗanda suka riga ku suka tsara nasu. A Kazamans, kudancin Senigal, tun farkon shekarun 1970 ƙauyuka suka gina masaukai da hannunsu, da irin gininsu na gargajiya, suka taƙaita yawan gadaje, ribar kuma ta riƙa shiga aikin gari kamar makaranta da ɗakin haihuwa. A Nefal, shirin kiyaye yankin Annafurna da aka fara a 1986 ya sa kuɗin shiga da baƙi ke biya suna komawa yankin, masu masaukai na kowane gari kuma suka kafa kwamiti suka tsayar da farashin abinci da na kwana iri ɗaya, domin kada su riƙa karya wa juna kasuwa har kowa ya tashi a tutar babu. A Ladak, arewacin Indiya, a farkon shekarun 2000 aka fara saukar da baƙi a gidajen makiyayan da damisar tsaunuka ke kashe wa dabbobi, aka tsara cewa gidaje su riƙa karɓar baƙi bi da bi, kuma kashi 10 cikin ɗari na abin da aka samu ya shiga asusun gari. A Habasha kuwa, a tsaunukan da ke kusa da Lalibela, manoma sun zaɓi su gina ƴan ɗakuna a gefen gari, su riƙa kai wa baƙi abinci can, maimakon su shigar da su cikin iyali. Ƙasashen sun bambanta, amma ka lura da abin da ya maimaitu: layi tsakanin gidaje, farashi ɗaya, asusun gari, da iyaka ga yawan baƙi. A ganina tsarin Ladak na karɓa bi da bi da tsarin Habasha na ɗaki a gefe su ne suka fi dacewa da mu idan aka gauraya su.

Akwai wata matsala da takardun masana ba su cika ambata ba, alhali a ƙasar Hausa da ta Barebari ita ce ta farko, wato kunyar karɓar kuɗi daga hannun baƙo. An tashe mu a kan cewa baƙonka annabinka, kuma hadisi ya tabbatar da haƙƙin liyafa na kwana uku, saboda haka dattijon da ka ce wa ya shimfiɗa wa mutum tabarma ya ba shi tuwo sannan da safe ya miƙa hannu, zai ga ka zubar masa da girma. Idan kuka yi biris da wannan, ɗayan biyu zai faru: ko masu mutunci su janye su bar abin a hannun marasa kunya, ko su karɓi baƙon su yanka masa kaza su ƙi karɓar ko dala, bayan zuwa uku matan gida su gaji su ce a daina. Mafita tana cikin tarihinmu. Unguwar Zango ta Damagaram ta kafu ne a kan saukar fatake, kuma fatoma yana saukar da ayari, ya ciyar da su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya sami ladarsa, ba wanda ya taɓa cewa ya ci amanar baƙunci, domin kowa ya san bambancin matafiyin da dare ya yi wa a hanya da wanda ya zo da niyyar hulɗa. Ku bayyana wa dattawa da liman haka tun farko, a zauren mai gari, ku ce baƙon Allah yana nan da haƙƙinsa kyauta kamar yadda aka gada, wannan kuwa mutum ne da ya yi ciniki da ƙungiya tun daga gidansa. Sannan ku tsare ƙa'ida ɗaya ba sassauci: kuɗi ba sa wucewa daga hannun baƙo zuwa hannun mai gida. Baƙo ya biya ma'ajin ƙungiya kafin ya taso, ko ta hanyar aika kuɗi ta waya, mai gida kuma ya karɓi rabonsa daga ƙungiya bayan baƙo ya tafi. Da haka mai gida zai tarbi mutum da fuskar mai masauki, baƙo kuma ba zai tsaya yana lissafin ko ya ba da abin da ya isa ba.

Rabon kansa a rubuta shi, a karanta a bainar jama'a. Bari in ba da misali kawai, ku kuma ku daidaita da tsadar wurinku. A ce baƙo yana biyan jika goma ta kuɗin sefa a kowane yini da kwanansa: jika huɗu ga gidan da ya sauke shi ya ciyar da shi, biyu ga ɗan jagora, ɗaya ga mai jaki ko amalanken da ya ɗauki kaya da ruwa, biyu ga asusun gari, ɗaya ga ƙungiya domin katin waya da akwatin magani da gyare-gyare, ɗalibai kuma a yi musu rangwame idan sun zo a ƙungiyance. Daga cikin rabon gida, kuɗin girki ya shiga hannun matar da ta daka ta dafa kai tsaye, kada a bi da shi ta aljihun mai gida, domin aikin saukar baƙo kusan duka a kanta yake, kuma ranar da ta ga wahala tata ce kuɗi na wani, abincin zai fara lalacewa. Inda akwai ƙungiyar asusu ta mata irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka fara a Maraɗi a 1991 ta bazu ko'ina, ku ba su riƙon asusun gari, domin sun saba da akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban da ƙirga kuɗi a gaban kowa. Asusun garin nan shi ne abin da ke sa wanda ba ya saukar da kowa ya haƙura da ganin baƙi suna ratsa gonarsa, don haka a kashe shi a kan abin da ido ke gani, kamar gyaran famfo ko guga da igiya ko rufin aji. Mai gari kuwa a ware masa girmamawarsa a fili cikin rubutun, komai ƙanƙantarta, ya fi a bar shi ya riƙa jiran abin da zai faɗo. Layi kuma a bi shi ko da gidan wane ya fi kyau. Ɗan jagora zai so ya riƙa kai kowa gidan yayarsa, kuma daga nan ne rigima kan fara.

Game da masauki, abin da ake bukata kaɗan ne: ɗaki mai tsabta da ƙofar da ke rufuwa, tabarma da katifa, gidan sauro, bargo domin sanyin Disamba da Janairu a gindin dutse ba wasa ba ne, buta, fitila mai caji da rana, da randa mai murfi. Baƙi maza su sauka a zaure ko a shagon ƙofar gida, mata su shiga ciki wurin matan gida, ma'aurata kuma a ware musu ɗaki a gefe, ta yadda ba a taɓa tsarin gidan kowa ba. Idan akwai abin da ya cancanci ku kashe kuɗi a kansa kafin komai, to masai ne da makewayi mai ƙofa. Mutumin birni zai yafe muku tauri na katifa da yaji a miya, amma macen da aka nuna wa bayan gari da dare ba za ta dawo ba, kuma za ta faɗa wa duk wanda ta sani. Kada ku rushe ginin ƙasa ku sa kwano don ku burge baƙo. Kwano yana da shi a gidansa, kuma ya san zafinsa.

Ruwa shi ne zai faɗa muku yawan baƙin da za ku iya ɗauka, ba yawan ɗakuna ba. Duk ɗan Damagaram ya san cewa dutsen da ya ƙawata garin shi ne ya hana shi ruwa, har ya zama ana janyo shi daga nesa, daga Gogo da Arunguza, kuma ƙauyukan da ke kan irin wannan ƙasa ba su fi birnin sauƙi ba. Mai tafiyar ƙasa yana shan lita huɗu zuwa biyar a yini ko da a lokacin sanyi, ban da alwala da wanka da girki, saboda haka ku ƙiyasta wa kowane baƙo jarka guda ta lita 25 a kwana, ku faɗa masa haka tun kafin ya zo. Baƙi goma jarka goma ke nan, kuma ka san su wa ke ɗebo ta. Idan saukar ayari ta sa ƴan mata sun ƙara awa biyu a bakin rijiya, ko ta sa makiyayi ya jira da garkensa, to garin ya yi asara ko da asusu ya cika. A ɗauki mai amalanke a biya shi ya ɗebo a lokacin da rijiya ba ta da cunkoso, ruwan sha kuma a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkakewa. Ni a ganina ayari kada ya wuce mutum takwas, kuma gari ɗaya kada ya karɓi fiye da ayari ɗaya a mako, ƙauyen da rijiyarsa ke ja baya tun watan Fabrairu kuwa a cire shi daga wuraren kwana, a mayar da shi wurin hutun rana. Itace ma haka yake: a dafa wa baƙi a tukunya ɗaya da ta gida, kada a hura musu wutar hira kowane dare da icen da aka sara a kan dutse, domin bishiyar da ta tsiro a tsagin dutse tana daɗewa kafin ta mayar da abin da aka cire mata.

Hanya kuma ku fitar da ita da ƙafafunku tare da mafarauta da makiyaya da masu saran magani, su ne suka san inda inuwa take da inda dutse ke zamewa. Zango ɗaya kada ya wuce kilomita 12 zuwa 15, a tashi bayan asuba, a sauka kafin rana ta take, idan da saura a ƙarasa bayan la'asar. Lokacin aikin daga Nuwamba ne, bayan an kawar da amfanin gona, zuwa ƙarshen Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku rufe littafi ko da an yi muku magiya, domin baƙo ɗaya da zafi ya kayar a kan dutse ya isa ya kashe sunan hanyar. Damina tana da kyan gani, amma ga shuka a ko'ina, ga korama da ke cika ba sanarwa, ga sauro, don haka sai dai gajeren yawo na yini. A kauce wa ratsa gonaki, a bi burtali da ladabi, rugar Fulani ko zangon Buzaye ko na Tubawa kuma ba a kai musu baƙi sai an riga an je an yi magana da su an sa su cikin rabo. Ɗan jagora ya zama ɗan garin, mai haƙuri, wanda ya san sunan itatuwa da tsuntsaye da tarihin kufai, kuma a tura aƙalla biyu su koyi agajin gaggawa a wurin ma'aikatan lafiya. Su san haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, su san cewa saran kububuwa ba a tsaga shi ba a tsotse shi, sai a kwantar da mutum a hana gaɓar motsi a garzaya da shi asibiti. Kafin kowace tafiya a san inda waya ke kamawa a kan hanya, a kuma san mai babur ko mai motar da za a kira.

Baƙi ma suna da nasu sharuɗɗan, a karanta musu su a daren farko. Ba a ɗaukar hoton kowa, musamman mata, sai da izini, kuma wanda ya zo domin ya ɗauki talaucin mutane ya watsa a Facebook a nuna masa hanya. Ba a raba wa yara kuɗi ko alewa. Wanda ya ga yadda yara a wasu garuruwan yawon buɗe ido suka koma bin baƙi da roƙo suna barin makaranta ya san illar wannan, mai son yin alheri ya sa a asusu ko ya kai wa shugaban makaranta. Wuraren da mutanen gari ke girmamawa, ko makabarta ce ko kogon da aka gaji tsoronsa, ba a shiga don baƙo ya ce shi bai yarda da camfi ba. Ba a farauta, ba a rubuta suna a jikin dutse, leda da gwangwani kuma duk wanda ya shigo da su ya fita da su. Abin da na fi ja muku kunne a kansa shi ne sayar da kayan da: tsofaffin tukwane da duwatsun niƙa da kan kibiya da ake tsinta a kufai, ko takobin kaka da tsohon littafi. Dokar Nijar ta 1997 kan kiyaye kayan tarihi ta hana fitar da irin waɗannan daga ƙasar ba da izini ba, kuma ko ba doka, abin da aka sayar sau ɗaya ya tafi ke nan, alhali ana iya nuna shi ga baƙi ɗari. A maimakonsa a sayar musu da abin da hannu ke sake yi, tabarma da faifai da aikin dukawa da kilishi da dabino.

Ta fuskar hukuma, kada ku karɓi kuɗin kowa kafin ku zama ƙungiya mai takarda. Kuna iya yin rajista a matsayin ƙungiya bisa dokar Nijar ta 1984 kan ƙungiyoyi, ko kuma ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa bisa dokar 2010 ta OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, mutum biyar sun isa su kafa irin wannan ƙungiya, kuma ita ta fi dacewa da abin da ake raba riba. Ku kai gaisuwa da bayani wurin sarkin yankinku, ku sanar da hukumar gundumarku da ofishin jiha mai kula da yawon buɗe ido da ma'aikatan gandun daji. Idan za ku gina ɗaki a filin da ba na kowa ba, ku bi ta kwamitin kula da filaye na gari a rubuta, domin filin da ba shi da mai shi yau zai sami magada da yawa ranar da ya fara kawo kuɗi. Kafin kowane ayari ya tashi a kai wa jandarmomi sunayen baƙi da hanyar da za a bi da ranar dawowa, idan suka ce a dakata a dakata. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuwa, musamman wanda ya fito daga wajen yankinmu, sharuɗɗan tafiyarsa da rakiyarsa hukuma ce ke yanke su, kada ku ɗauke shi a ɓoye don kwaɗayin abin da zai biya. Kuma kada a riƙa sanar da rana da wurin kwanan ayari a intanet kafin a tafi. Hotuna su fito bayan an dawo.

Abin da zan ba ku shawara ku yi a sanyin bana shi ne ku zaɓi ƙauyuka uku da ke kusa da juna waɗanda masu garinsu ke ga maciji da juna, gidaje biyar a kowane, ku haƙa masai, ku bi hanyar da kanku da jaki da jarkoki kuna duba agogo. Daga nan ku gayyato ayari ɗaya na gwaji, ɗalibai shida ko takwas da malaminsu daga Damagaram, su biya kuɗin abinci da na ɗan jagora kawai, da sharaɗin su faɗa muku gaskiyar abin da ya dame su. Bayan sun tafi ku zauna da matan da suka yi girkin, su kaɗai ba tare da mazansu ba, ku tambaye su hatsi nawa ya tafi, jarka nawa, ice nawa, awa nawa, domin a kan amsarsu za ku tsayar da farashi. Kada ku ci bashi, kada kowa ya sayar da akuya ko ya bar noman rani saboda wannan, domin ko ya kankama aikin wata huɗu ne a shekara, kuma a shekarun farko abin da zai kawo wa gida bai wuce kuɗin cefane da na littattafan yara ba. Idan wata ƙungiyar agaji ta zo da tayin gina muku babban masauki, ku roƙe ta ta mayar da kuɗin kan rijiya da horar da ƴan jagora da akwatin magani, ku kuma nemi a rubuta cewa littafin layi da makullin asusu suna hannun gari.